Yadda ake sassaƙa babban shaf a injin juyi na CNC, daga ɗora ƙarfe zuwa awon ƙarshe

Wanda ya saba da ƙananan kaya a injin juyi na CNC, wato injin da ke juya ƙarfe yana sassaƙa shi bisa umarnin kwamfuta, ranar da aka fara ajiye masa ƙarfe mai tan huɗu a gaba yakan ɗauka aikin ɗaya ne, girma kawai ya ƙaru. Ba haka ba ne. Ƙaramin ƙarfe inda ka ɗaure shi nan yake zama. Babba kuwa motsi yake yi: nauyinsa yana lanƙwasa shi, zafi yana miƙar da shi, kuma idan ka cire masa ɓawo tsaurin da ke ɓoye a cikinsa ya saki, sai ya karkace. Rubuta furogiram shi ne mafi sauƙi a aikin nan. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin lokacin da ƙarfen zai motsa, da shirya masa tun kafin ya motsa.

Zan bi da kai ta misali guda har ƙarshe: ƙirarren ƙarfe nau'in 42CrMo4, kaurinsa milimita 420, tsawonsa mita 4. Za a mai da shi shaf, wato doguwar sandar ƙarfe mai juyi a cikin inji, mai kauri 400 a tsakiya, da mazaunin boris mai kauri 300 a kowane gefe.

Fara da zane da lissafin nauyi

Kafin ka taɓa injin, zauna da zanen aikin. Nemo wuraren da awonsu ya tsananta, galibi mazaunin boris da wurin da giya ko kofulin (mahaɗin shaf biyu) zai zauna. Dubi wane layi ne aka ce a auna kaɗawa daga gare shi, domin shi zai nuna maka inda za ka riƙe ƙarfen a yankan ƙarshe. Dubi lanƙwasar da aka ce a bari a gindin kowace kafaɗa. Kada ka raina ta: shaf da ke aiki yana juyi ɗauke da kaya, daga kusurwa mai kaifi tsagewarsa take farawa.

Sai nauyi. Mita ɗaya ta kowane gefe na ƙarfe yana da kilo 7,850. Namu idan ka lissafa zai ba ka kilo 4,350 ko kusa da haka. Da wannan lamba za ka duba abu huɗu: ƙarfin kiren, ƙarfin bel ɗin ɗagawa, nauyin da injin ke ɗauka tsakanin cak (abin da ke riƙe ƙarfe yana juya shi) da wutsiya (madogarar ɗaya ƙarshen), da nauyin da senta mai juyi, wato tsinin da ke jikin wutsiya yana shiga ƙarshen ƙarfen, ke jurewa. Na ƙarshen nan ne aka fi mantawa da shi, alhali kusan rabin nauyin a kan ɗan tsininta yake.

Nan ne kuma za ka tabbatar ko injin kwance ne ya dace. Abu mai tsawo kamar shaf na injin kwance ne. Amma zobe ko faifai mai faɗin mita biyu da gajeren jiki, injin tsaye ya fi masa, domin a can kwanciya yake yi a kan tebur, nauyinsa ma yana taimakon riƙo.

Ɗagawa da ɗorawa

Yi amfani da bel biyu, ka nemo tsakiyar nauyi, ka ɗaga kamar tafin hannu daga ƙasa ka tsaya ka ga ko ya daidaita. Kula da buɗewar bel ɗin: idan kowane ɗaya ya karkata digiri 60 daga tsaye, to kowane ɗaya yana ɗauke da cikakken nauyin kayan, ba rabi ba. Gara dogon bel ko sandar rarraba nauyi. Shimfiɗa katako a kan gadon injin, kuma kada kowa ya sa hannu tsakanin ƙarfe da cak yayin da kayan ke rataye. Ba a sakin kiren sai ƙarfen ya samu madogara biyu tabbatattu.

Riƙo da daidaitawa

A nan nake so ka ɓata lokaci, domin abin da ka gina a nan shi za ka girba a ƙarshe.

Ga ƙirarren ƙarfe mai ɓawo, cak mai muƙamuƙi huɗu da kowanne ke tafiya shi kaɗai ya fi mai uku. Mai uku yana kai ƙarfe tsakiya ne idan ƙarfen da'ira ne sosai, ƙirarren ƙarfe kuwa ba ya taɓa zama haka. Kada ka cusa shi can cikin muƙamuƙi. Riƙe ɗan gajeren wuri, milimita 30 zuwa 50, ko ka sa guntayen tagulla tsakanin muƙamuƙi da ƙarfe, domin ɗaya gefen ya samu damar gyaruwa ba tare da an tanƙwara shaf ɗin da ƙarfi ba. Sa abin tokarewa a bayansa don kada ƙarfin yanka ya tura shi cikin cak.

Ɗora agogon awo kusa da cak, ka juya a hankali. Gyara muƙamuƙi biyu masu fuskantar juna, ka sassauta na gefen da ya yi ƙasa, ka ɗaure na gefen da ya yi sama, rabin abin da agogo ya nuna kawai. Sannan ka koma ga sauran biyun. A kan ɓawo ba sifili kake nema ba. Abin da kake nema shi ne ƙarfen ya rabu daidai ta yadda ko'ina zai samu abin yankewa. Duba tsakiya ma, domin ƙarfe mai mita 4 yakan zo da ɗan baka a jikinsa, kuma in ba ka raba bakan nan tsakanin gefe biyu ba, za ka kai awo a gefe ɗaya alhali ɗaya gefen yana nan da baƙin ɓawonsa.

Idan ƙarfen bai zo da ramin senta ba, sai ka tallafe ƙarshensa da matokari (madogara mai tayoyi da ke kewaye shaf), ka share fuskar, ka huda ramin mai kusurwar digiri 60. Yi shi babba daidai da nauyin, kuma ka zaɓi irin mai ɗan kariya a bakinsa, don kada bugu ya lalata shi wajen ɗauka da saukewa. Share ramin tas kafin senta ta shiga. Ƙwayar sassaƙe guda a cikinsa ta isa ta sa shaf ɗin kaɗawa daga farko har ƙarshe.

Masu sana'a suna da ƙiyasi: idan tsawon da ya fito daga cak ya wuce kauri sau uku, a sa wutsiya, idan ya kai sau goma, a ƙara matokari. Namu yana bakin sau goma, kuma gefunansa za su ƙara sirancewa, don haka zan sa. Don ainihin yankan, ba a ɗora tayoyin matokari a kan ɓawo. Da farko ka yanka ɗan zobe mai santsi a wurin da zai zauna, da yanka mara nauyi, shaf yana tsakanin cak da senta. Sannan ka kawo tayoyin ƙasa biyu su taɓa, agogo yana kan ƙarfen yana gaya maka ko ka ɗaga shi ko ka ture shi gefe, sai na sama a ƙarshe. Matokarin da bai zauna a tsakiya ba yana murɗa shaf a kowane zagaye, kuma a hankali yakan zare shi daga cikin muƙamuƙi. Na taɓa ganin an ja layi da alli a jikin ƙarfe daf da muƙamuƙi, bayan rabin awa layin ya matsa da faɗin yatsa. Tun daga ranar nake jan layin nan a duk babban aiki.

Zaɓen haƙori

Haƙoran kabaid, wato ƙananan bakunan yanka masu tsananin tauri, suna da lambobi na bai ɗaya a duniya. Don yankan farko ka ɗauki mai ƙarfin kusurwa, irin CNMG ko SNMG manya, ko CNMM mai fuska ɗaya da ke zama daram a mazauninsa. A lamba irin CNMG 190616, biyun ƙarshe suna nufin lanƙwasar hancin haƙorin milimita 1.6 ce. Don yankan ƙarshe DNMG ko CNMG mai hanci 0.8 ya wadatar. Rukunin P mai alamar shuɗi na ƙarfe irin namu ne, M mai rawaya na ƙarfen da ba ya tsatsa, K mai ja na ƙarfen zubi. Kada mariƙin haƙori ya fito daga taret, inda ake ɗaure shi, fiye da buƙata, kuma tsinin haƙori ya zauna daidai tsayin tsakiyar shaf.

Lissafin gudu da ƙarfin injin

Gudun yanka ana auna shi da mita a minti, wato tsawon fatar ƙarfen da ke wucewa ta bakin haƙori. Don samun zagaye a minti, ninka gudun da 1,000, ka raba da kauri sau 3.14. Da gudu 160 a kauri 420 za ka samu zagaye 121. Ido zai ce maka injin yana tafiyar hawainiya, amma a bakin haƙori gudun ya kai. A kan ɓawo ma rage shi za ka yi zuwa 110 ko 120.

Yanzu tambayar da ake tsallakewa: injin zai iya? A ce zurfin yanka milimita 8, turi, wato tazarar da haƙori ke matsawa, milimita 0.6 a kowane zagaye, ƙarfen kuma yana buƙatar kamar niyuton 2,100 a kan kowace murabba'in milimita. Ninka 160 da 8 da 0.6 da 2,100, ka raba da 60,000, za ka samu kilowat 27. A zagaye 121 wannan yana nufin ƙarfin murɗawa sama da niyuton-mita 2,100. Lambar kilowat da aka rubuta a jikin injin ba ta isa amsa ba, domin mota ba ta ba da cikakken ƙarfinta a ƙaramin gudu sai ta hanyar giya. Buɗe littafin injin ka dubi jadawalin ƙarfi da gudu, ka sa ƙaramar giya. In bai kai ba, rage zurfi kafin ka rage turi, saboda turi ne ke karya sassaƙe.

Furogiram da gwaji

A na'urar sarrafa inji ta kamfanin Fanuc farkon yankan zai yi kama da haka:

G50 S300
G96 S160 M03
G71 U8.0 R1.0
G71 P100 Q200 U3.0 W0.5 F0.6

G96 yana riƙe gudun yanka ɗaya, yana ƙara zagaye duk lokacin da kauri ya ragu. Amfaninsa babba ne, haɗarinsa ma haka. Idan kana share fuska haƙori ya doshi tsakiya, kauri yana tafiya sifili, injin kuwa zai yi ta ƙara gudu har iyakarsa. Ga tan huɗu da ba su daidaita ba, ga muƙamuƙi masu nauyi da juyi ke jan su waje yana rage riƙonsu. Shi ya sa G50 ke zuwa kafin G96 a koyaushe, shi ne ke sa wa gudu iyaka. A Siemens ana rubuta LIMS, a wasu tsare-tsaren Fanuc kuma G92 ne. Kada ka taɓa danna maɓallin farawa ba ka ga layin nan da idonka ba.

Lura da U guda biyu a G71, umarnin yankan farko: ta layin farko zurfin yanka ce a gefe ɗaya, ta layi na biyu kuma ragowar da za a bari ce a kan kauri gaba ɗaya. Na bar milimita 3 da gangan, za ka ga dalili.

Auna kowane haƙori, ka sa sifilin Z, wato mafarin awon tsawo, a fuskar shaf. Duba hoton tafiyar a allo. Sannan ka gudanar da shi layi-layi, saurin tafiyar banza a rage zuwa kashi 25 ko ƙasa, idonka a kan lambar da ke nuna sauran tazarar da ta rage, hannunka kusa da maɓallin tsayarwa. Hoton allo sau da yawa bai san akwai matokari ko wutsiya a hanya ba. Kai ne ka sani.

Yankan farko

Yankan farko dole ya shiga ƙarƙashin ɓawo ko'ina. Haƙorin da ke shafar ɓawo yana shiga yana fita, minti kaɗan zai yi ya dakushe. Buɗe ruwan sanyaya sosai ya sauka daidai bakin haƙori, ko kuma ka rufe shi gaba ɗaya. Ruwan da ke zuwa yana ɗaukewa shi ke tsaga kabaid.

Sassaƙen da ke zubowa shi ne labarin aikin. Gajeru masu lanƙwasa kamar lamba 6, launinsu daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi, lafiya ke nan. Idan suka zama dogayen igiyoyi suna naɗe shaf, ƙara turi ko ka canza haƙori mai wani irin makaryi. Kada ka ja su da hannu, ko da safar hannu, kaifinsu na reza ne, kuma safar ma abin kamawa ce ga abin da ke juyi. Tsayar da injin ka sa ƙugiya.

Saurari sauti kuma. Idan kuka mai kaifi ya tashi, fatar ƙarfen ta fito da zane-zane kamar ɓawon kifi, karkarwa ce. Duba matsin wutsiya da tayoyin matokari tukuna. In suna daidai, sauya gudu da kashi 10 zuwa 15, ko ka ƙara turi kaɗan, ko ka koma haƙori mai ƙaramin hanci. Wasu injuna suna da tsarin hawa da saukar gudu da kansu don kashe karkarwa, a Haas M38 ne ke kunna shi.

Ga abin da ba a gani: shaf yana tsawo yayin da kake yanka. Ƙarfe yana miƙewa kamar maikuron 11.5 (maikuron dubu ne milimita ɗaya) a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Mita 4 da ƙarin digiri 20 ya kusa milimita guda. Idan wutsiyar a kulle take ƙam, wannan milimitar ba ta da wurin zuwa sai ta danne boris ɗin senta ko ta tanƙwara shaf. Wutsiya mai haidirolik takan ja baya da kanta. Mai hannu kuwa sai ka riƙa tsayawa kana sassautawa kana sake ɗaurewa, kana taɓa jikin senta ka ji ko ta yi zafi.

Hutu tsakanin yanka biyu

Da ka gama yankan farko, kada ka zarce. Ƙarfen da aka ƙera aka kuma gasa yana ɗauke da tsauri a ciki, fatar waje tana riƙe da na ciki. Ka cire fatar, ma'auni ya canza, shaf ya ɗan karkace. Wannan ne dalilin milimita 3. Idan zane ya buƙaci a saki tsaurin a tanderu, yanzu ne lokacinsa. Ga irin wannan ƙarfe ana yi ne a wajen digiri 550 zuwa 650, kuma dole ya kasance ƙasa da zafin da aka yi masa gashin ƙarshe, in ba haka ba taurinsa zai ragu. In ba a buƙata ba, bar shi ya huce, ka sassauta muƙamuƙi da wutsiya, ka sake ɗaurewa da matsi mara yawa, ka sake bi da agogo, ka sabunta zoben matokari. Ramin senta ma a duba shi, domin yankan farko yakan ci shi.

Yankan ƙarshe da awo

Fara da gwada ko injin yana yanka kauri ɗaya daga gefe zuwa gefe. Yi ɗan yanka kusa da cak, ka yi wani kusa da wutsiya da lambar X ɗaya, wato kauri ɗaya a furogiram, ka auna. In sun bambanta, wutsiya ta kauce daga tsakiya. Gyara ta, ko ka rama bambancin a cikin furogiram.

Santsin fata yana da lissafi: ninka turi da kansa, ka raba da hancin haƙori sau 32, sannan ka ninka da 1,000 don amsar ta zama maikuron. Turi 0.2 da hanci 0.8 zai ba ka kusan Ra 1.6, Ra kuwa shi ne ma'aunin kaushin fata. Kunna G42 ko G41, masu sa injin ya yi la'akari da lanƙwasar hancin haƙori, don lanƙwasa da gangare su fita daidai. Zurfin yanka kada ya gaza kamar kashi biyu cikin uku na hancin haƙori, domin haƙorin da bai samu abin ci ba gogawa yake yi, yana ture ƙarfe maimakon yanka shi.

Saboda haka ba na son a kai awo da ɗan shafe-shafe. Ga yadda nake yi: in rage ragowar zuwa milimita 2 a kan kauri, in raba ta biyu daidai. In yi yanka na farko da sabon haƙori, da gudu da turin da zan yi na ƙarshe, in auna, in gyara ofset, wato lambar gyaran matsayin haƙori, da abin da na gani, sannan in yi na biyu. Tunda nauyin yankan biyu ɗaya ne, turewar da ƙarfe zai yi ɗaya ce, awo kuma yakan faɗa inda aka nufa.

Sai zafi, wanda ya fi kowane abu ɓata manyan ayyuka. Awon da ke kan zane na digiri 20 ne, haka aka yi ittifaƙi a duniya. Mazaunin boris mai kauri 300 a mataki na 6 na tsananin awo rangwamensa duka, wato kuskuren da aka yarda da shi, maikuron 32 ne. Idan shaf ya fi maikuromita zafi da digiri 10, kaurinsa ya ƙaru da kusan maikuron 35. Rangwamen ya tafi gaba ɗaya. Na taɓa auna mazauni da yamma yana tsakiyar rangwame, ƙarfen da ɗan ɗumi a tafin hannu. Da safe na sake aunawa ya faɗi ƙasa da iyaka, kuma ƙarfen da aka cire ba ya dawowa. Ido ba mudu ba ne, tafin hannu ma haka. Sa ma'aunin zafi a jikin ƙarfen. Ajiye maikuromita da sandar saita ta a kan shaf ɗin su ɗauki zafi ɗaya kafin ka auna, ka riƙe ta a wurin da aka yi wa rufi don ɗumin hannunka kada ya buɗe ta. Babbar maikuromita mutum biyu take so, ɗaya ya tsayar da gefe guda, ɗaya ya lalubo wuri mafi faɗi. Auna wuri uku a tsawon mazaunin, kowane wuri sau biyu a gicciye, don ka kama tsukewa da rashin cikar da'ira.

Idan aikin ya haɗa da faɗaɗa rami a ciki, sandar ƙarfe ba ta son ta fito fiye da kaurinta sau huɗu, ta kabaid sau shida, mai maganin karkarwa a ciki takan kai sau goma.

Lokacin juya shaf don gama ɗaya gefen, kare wurin da ka gama da muƙamuƙi masu taushi ko tagulla, ka daidaita da agogo a kan mazaunin boris da ka riga ka yanka, ba a kan wani wuri ba. In zai yiwu ka gama mazaunan biyu a ɗauri ɗaya tsakanin senta biyu, ya fi, domin a lokacin babu abin da zai raba tsakiyarsu.

Saukewa

Kafin ka kwance, bi duk awon da ke zane ka rubuta, tare da zafin ƙarfen a lokacin awon. Duba kaɗawa shaf yana juyi a hankali. In akwai gyara, yanzu ne yake da sauƙi. Bayan an sauke, sake daidaitawa aikin rabin yini ne. Kashe kaifin gefuna a cikin furogiram tun farko, kada ka naɗa takardar gogewa a hannu kan ƙarfe mai juyi. Goge ruwan sanyaya, ka shafa man hana tsatsa, ka naɗe mazaunan boris. Ɗaga da bel mai tsabta, ba sarƙa ba, ka ajiye a kan katako mai kwarmi, madogara biyu kowace tana kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsawon daga ƙarshe, ta yadda tsakiya ba za ta sauka ba, gefuna ma ba za su rataya ba. Cika ramukan senta da giris ka rufe su, domin mai gogewa ko mai yanka ramin makulli da zai karɓi shaf ɗin bayanka a kansu zai ɗora.